Kunnenmu Ya Fi Fiyano Faɗi

Tun da aka buɗe Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda a watan Yulin 2021, sunan Turkiyya ya zama ɗan gida a bakin mutanen Nima da Mamobi. Kowa ya san Turkawa ne suka ɗauki nauyin ginin, kowa kuma ya ga ƙubbobinsa da hasumiyoyinsa huɗu irin na tsofaffin masallatan Santambul. Dattawanmu da suka saba kiran wannan birni namu Ankara sukan yi murmushi idan jikokinsu suka ce musu ai babban birnin Turkiyya ma sunansa ke nan. Sai dai yau maganar kiɗa ce ta kawo ni. Akwai wani abu da Turkawa suka yi da kayan kiɗan Turawa, musamman jita, wanda ya dace makaɗanmu da masu ɗakunan naɗar waƙa na zangunanmu su zauna su yi nazarinsa, domin muna cikin asarar wata dukiya da su suka ƙi yarda ta kuɓuce musu, mu kuwa ko lura ba mu yi ba.

Dukiyar da nake nufi ita ce kunne, wato irin jin da al'umma ke gada daga iyayenta, wanda da shi take gane cewa wannan murya ta zauna daidai, waccan kuwa ta kauce. Maganar tana buƙatar ɗan lissafi, don haka mai karatu ya yi haƙuri da ni. Idan ka kaɗa tsirkiyar gurmi ko ta jita a sake, za ta ba da wani amo. Idan ka danne ta a daidai tsakiyarta ka sake kaɗawa, za ka ji amon nan dai ya dawo, amma ya fi na farko siranta, kamar yadda uba da ƙaramin ɗansa kan rera waƙa ɗaya, muryar uban a ƙasa, ta ɗan a sama, ba tare da sun saɓa ba. Tazarar da ke tsakanin waɗannan amo biyu ita zan riƙa kira zangon sauti. Kusan kowace al'umma a duniya ta san wannan zango. Inda aka rarrabu shi ne wajen sanin sau nawa murya za ta tsaya a cikinsa, kuma a ina za ta tsaya.

Turawa sun zaɓi su raba zangon gida goma sha biyu daidai wa daida. A shekarun 1880 wani Baturen Ingila mai suna Alexander Ellis ya fito da ma'aunin da ya kasa zangon zuwa ɗigo 1200, kowane gida ya tashi da ɗigo 100. A kan wannan rabo ake saita fiyano, a kansa kuma ake gitta ƙananan ƙarafan nan da ke jere a wuyan jita. Duk inda yatsa ya sauka tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ƙarfen ne ke yanke hukuncin amon da zai fita. Tsarin yana da amfani babba, domin makaɗi zai iya ɗaga waƙa sama ko ya sauke ta ƙasa ba tare da ya sake ɗaure tsirkiya ba, kuma kayan kiɗa hamsin za su iya haɗuwa su tafi tare. Amma sulhu ne aka yi, kuma masanan Turai kansu ba su ɓoye hakan ba. Akwai tazarar da tsirkiya a kan ɗabi'arta ke ajiyewa a ɗigo 386, fiyano ya ja ta ya kai 400 don lissafi ya fita. Saboda haka duk wanda ya ce maka fiyano ne ma'aunin daidai, ka tuna masa cewa mudun Kano daban, olonkar kasuwar Nima daban, kuma babu wadda ake kira ƙarya a cikinsu.

Turkawa suna da nasu mudun. Babban abin kiɗan talakawansu shi ne baglama, wanda kuma suke kira saz. Yana da dogon wuya da ƙoƙon itace, ɗan uwan molo ne idan aka dube shi daga nesa. Sunan ya samo asali ne daga kalmarsu mai nufin ɗauri, domin a maimakon ƙarfen da aka kafe, zare ake ɗaurawa a wuyansa, makaɗi kuma yana iya gusar da ɗaurin sama ko ƙasa gwargwadon abin da kunnensa ya gaya masa. Ɗaurin da ke cikin zango ɗaya ya fi goma sha biyu, don haka akwai sautukan da ke faɗawa a tsakanin madannan fiyano biyu, inda fiyano ba shi da abin cewa. Masanan kiɗansu sukan raba abin da Turawa ke kira taki ɗaya cikakke gida tara, ko da yake fiyano gida biyu kawai ya raba shi. Larabawa kuwa sun fi magana a kan rubu'in taki, wato ɗigo 50. A 1932 Sarki Fu'ad na Masar ya tara masana a Alƙahira, daga ƙasashen Larabawa da Turkiyya da Turai, aka yi ta muhawara ko za a kafe zangon a gida ashirin da huɗu daidai, aka tashi ba a daidaita ba, saboda kunnen mutumin Halab bai yarda ya zama kunnen mutumin Alƙahira ba.

Da wannan saz ne mawaƙan ƙauyukan Anadolu suke yawo gari gari, suna wa'azi, suna bege, suna gaya wa masu mulki gaskiya. Mafi shahara a cikinsu a ƙarnin da ya wuce shi ne Ashik Veysel, mutumin yankin Sivas, wanda ciwon agana ya taɓa idonsa tun yana ɗan shekara bakwai har ya makance, ya rayu da saz a hannu har rasuwarsa a 1973. Kada mai karatu ya ɗauka wannan gado ya tsira ne don an lallaɓa shi. Bayan kafa jamhuriya a 1923, shugabannin ƙasar sun ƙudura cewa ci gaba shi ne a koma Turawa har a kunne. A 1934 aka hana sanya kiɗan Turkawa na da a gidan rediyon gwamnati, hanin ya kai kusan shekara biyu. Jama'a da yawa suka juya akalar rediyonsu zuwa Alƙahira, inda suke jin abin da ya fi kusa da zuciyarsu, har dai hukuma ta janye.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da samarinsu suka yi lokacin da kiɗan rok ya shigo musu daga Amurka da Ingila. A 1965 jaridar Hurriyet ta buɗe gasar da ta kira Makirufon Zinariya, da sharaɗin a zo da waƙa ta Turkawa a kaɗa ta da kayan zamani. Daga wannan yanayi aka samu abin da ake kira rok na Anadolu, da mutane irin su Erkin Koray da Cem Karaca da Baris Manco da ƙungiyar Mogollar. Jitar lantarki ta zo musu da gidajenta goma sha biyu, waƙoƙin kakanninsu kuwa sun ƙi shiga. Ba su yanke wa waƙar ƙafa don ta shiga takalmin ba. Wasu suka riƙa jan tsirkiya da yatsa har ta kai inda kunne ke so. Wasu suka sa wa saz lantarki ya yi ruri kamar jita, aikin da ake danganta farkonsa ga Erkin Koray da Orhan Gencebay. A 1976 Erkan Ogur ya fito da jitar da aka cire wa ƙarafan wuya gaba ɗaya, don yatsa ya tsaya inda ya ga dama. A 2008 Tolgahan Cogulu, malami a Jami'ar Fasaha ta Santambul, ya tsara jitar da kowace tsirkiya ke da nata ƙananan ƙarafa masu zamewa, ƙirar da ta zo ta ɗaya a gasar sababbin kayan kiɗa ta jami'ar Georgia Tech a Amurka a 2014.

Yanzu dubi inda abin ya kai. A birnin Melbourne na Ostireliya akwai wata ƙungiyar rok mai suna King Gizzard and the Lizard Wizard. Jagoranta, Stu Mackenzie, ya kamu da son baglama, ya sa aka ƙera masa wata jita ruwan ɗorawa da aka ƙara wa ƙarafa a tsakanin na asali don ta iya fitar da rubu'in taki. A watan Fabrairun 2017 suka fitar da faifan da suka sa wa sunan jitar, Flying Microtonal Banana, suka ƙara wasu biyu a kan wannan tsari a 2020 da 2021. A cikin faifan farko har da zurna suka busa, wadda duk Bahaushen da ya ji ta zai rantse algaita ce, domin 'yan gida ɗaya ne. A Amsterdam ta ƙasar Holand kuma ƙungiyar Altin Gun ta ɗauko tsofaffin waƙoƙin Anadolu ta sake kaɗa su, har faifanta na 2019 ya shiga jerin masu neman kyautar Grammy. Selda Bagcan, wadda sojojin ƙasarta suka tsare suka kuma ƙwace mata fasfo bayan juyin mulkin 1980, ta wayi gari manyan mawaƙan gambarar Amurka irin su Mos Def a 2009 da Dr. Dre a 2015 suna yankar kiɗanta suna ɗora nasu a kai. Sautin da aka taɓa kora daga rediyo a matsayin ƙauyanci, shi ne yau samarin Turai da Amurka ke sayen tikiti su je su ji.

To, ina namu? Mai karatu ya lissafa kayan kiɗan Hausa masu tsirkiya: goge, kukuma, gurmi, garaya, molo, kuntigi. Babu ɗaya a cikinsu da ke da ƙarfe ko ɗauri a wuya. Abin da Erkan Ogur ya samu bayan ya cire ƙarafa, da shi aka haifi mai goge. Yatsansa na tafiya a kan izgar doki ba shamaki, yana zamewa daga amo zuwa amo, yana tsayawa inda ubangidansa ya koya masa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya tak a kan ɗan kuntigi ya zagaya duniya. Haruna Uji da gurmi, Garba Supa da Hassan Wayam da kukuma, kowannensu da an ji taken farko an san shi ne, kuma wani ɓangare na wannan shaida yana cikin inda yake ajiye sautukansa. Kalangun da ke bayan Mamman Shata ma ba amo ɗaya yake da shi ba. Makaɗi na matse shi a hammata yana sakewa, fatar tana hawa tana sauka, har ta kira sunan mutum da na ubansa.

Dalilin wannan yana cikin harshenmu. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan yaro da kukar miya, wuyan jita da wuyar aiki, hawa da saukar murya ne ke raba su. Mawaƙin Hausa yana rera magana ne, abin kiɗansa kuma yana bin maganar, yana kwaikwayon lanƙwasarta. Maƙwabtanmu na arewacin Gana ma haka abin yake a wurinsu. Gonjen Dagomba ɗan uwan gogenmu ne har a suna. Kologon Farafara mai tsirkiya biyu, ƙwarya ce da fata da sanda kamar gurmi. Gyil na Dagati, mai katako jere a kan goruna, maƙeri ne ke sassaƙa shi da kunne, kuma sautukansa ba sa zama a kan madannan fiyano.

A nan akwai buƙatar a yi hattara. Tsarinmu daban yake da na Turkawa. Su sautuka bakwai suke jerawa a zango, wasu daga ciki a tsakanin madannai. Mu galibin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke tafiya. Wannan ne ya sa mai fiyano yake ganin ai ya same mu a sauƙaƙe, tun da yana iya zaɓen biyar daga cikin goma sha biyunsa ya ce ga waƙar Hausa. Kama ce kawai, kama da wane kuwa ba ta wane. Biyar ɗin mai goge ba dole ne su sauka a kan biyar ɗin fiyano ba, kuma hanyar da yake bi daga ɗaya zuwa ɗaya, da ɗan jan nan da rawar da yatsa ke yi kafin ya zauna, a nan daɗin yake. Idan aka ɗebe wannan, waƙar tana nan, ana gane ta, amma ta zama miyar da aka manta da daddawa.

Akwai kuma wata shaida da ke nuna kunnenmu ya fi gida goma sha biyu faɗi, ko da yake zan ambace ta da ladabi, domin ƙira'a ba kiɗa ba ce, kiran salla ma haka. Gidajen zango nawa ne aka tashi a cikinsu da karatun Shehu Abdulbasit ko Minshawi ko Husari? Salon muryar da makarantan Masar ke bi, irin su Bayati da Rast da Saba, suna da sautukan da babu su a fiyano ko kaɗan. A al'adar Santambul ma akan kira sallar asuba da salon Saba, ta magariba da salon Segah. Yaron Mamobi da ya iya kwaikwayon Abdulbasit tun yana makarantar allo, ya riga ya iya abin da makaɗin Ostireliya sai da aka ƙera masa sabuwar jita kafin ya kai gare shi.

Ta ina ɓarakar ta shigo? A ƙarshen shekarun 1990 masu shirya fina-finan Hausa a Kano suka rungumi fiyanon lantarki na kamfanin Yamaha, wanda mutum ɗaya zai zauna a gabansa ya fitar da ganga da sarewa da abin da ya yi kama da goge. Aka samu sauƙi, aka samu arha, kiɗan fiyano ya mamaye ƙasar Hausa, ya biyo kaset da faifai har zangunan Kumasi da Ankara. A 1997 kuma aka fito da manhajar Auto-Tune a Amurka, wadda aikinta shi ne ta saurari muryar mawaƙi, duk inda ta same ta a tsakanin gida biyu ta ja ta zuwa mafi kusa. Idan aka bar ta a yadda ta zo daga kamfani, duk lanƙwasar da Bahaushe ya gada kuskure ce a wurinta, kuma za ta gyara. Yau waƙar soyayya da ta siyasa da ta biki, har da begen Annabi, kusan duk ta wannan mazurari suke bi. Yaron da ya tashi bai taɓa jin wata murya ba sai wadda na'ura ta miƙar, ranar da ya ji goge na gaske sai ya ce mai gogen bai iya ba. Ranar da aka kai nan, ko an ajiye gogen a gidan tarihi, mai jin sa ya ƙare.

Na san za a ce kasuwa ce ke da hukunci, kuma mai ɗakin naɗar waƙa a Nima da ke biyan kuɗin haya da na wuta ba zai ɗauko makaɗa biyar ba alhali kwamfuta ɗaya ta isa. Gaskiya ne, kuma ba na cewa a jefar da kwamfuta. Amma a duba abin da kasuwar ta saya da tsada. King Ayisoba, ɗan yankin Bolga, da kologo ya ci kyautar waƙar da ta fi shahara a Gana a 2007, a tsakiyar zamanin hiplife, kuma da kologon nan yake zagaya Turai. Mdou Moctar, Buzu daga Nijar wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, muryarsa cike da Auto-Tune irin na waƙoƙin fim ɗin Hausa. Waƙoƙin sun yaɗu daga waya zuwa waya a Sahel, amma abin da ya kai shi manyan dandamalin duniya shi ne jitar da yake sa ta yi magana irin ta molon Buzaye. Bombino na Agadas ta wannan hanya ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar Grammy. Su jitarsu da ƙarafanta take, yatsunsu ne suka ƙi yi mata biyayya. Duniya tana da dubban masu kwaikwayon Amurka, abin da take nema shi ne wanda ba ta da shi. Nima da ta haifi VIP, waɗanda suka zama gwarzayen mawaƙan Gana a 2004, ta san yadda ake fita daga lungu a mamaye ƙasa.

Za a kuma ce mai sauraro bai san ɗigo 386 ba, rawa kawai yake so. Haka ne, kamar yadda mai cin tuwo ba ya tambayar yawan kanwar da aka sa, amma harshensa na gaya masa idan babu. Sannan akwai abin da ba a cika faɗa a fili ba, wato kunya. A al'adarmu makaɗi da maroƙi ba su cikin masu daraja, goge da garaya kuma an daɗe ana haɗa su da bori da gidajen da mutumin kirki ba ya son a gan shi. Saurayi zai riƙe jita a bainar jama'a a kira shi ɗan zamani, idan ya riƙe gurmi a ce ya lalace. Wanda ya ɗauki matsayin cewa kiɗa gaba ɗaya bai halatta ba, malamai sun daɗe da saɓani a kan wannan, kuma ina girmama matsayinsa. Maganata da wanda ya yarda da fiyano ne amma yake ƙyamar kukuma. Wannan ba shi da hujjar addini, raina na gida ne kawai.

Abin yi bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, masu haɗa sauti su san cewa na'urar tana karɓar umarni. Manhajojin gyaran murya suna ba da damar a rage ƙarfin jansu, ko a sauya inda kowane sauti zai zauna, ko a kashe su baki ɗaya a inda mawaƙi ke lanƙwasa. Kamfanonin Yamaha da Korg sun daɗe suna ƙera fiyano na musamman don kasuwar Larabawa da Turkawa, mai maɓallan da ke sauke kowane sauti da rubu'in taki. Sun yi haka ne domin waɗancan mutane sun ƙi sayen abin da ba ya jin yarensu. Mu ba mu taɓa nema ba, shi ya sa ba a ba mu ba.

Na biyu, a nemi tsofaffin makaɗan da suka rage a Nima da Sabon Zango da Ashaiman da Madina da zangunan Kumasi, a naɗi kiɗansu da kyau, kowace tsirkiya ita kaɗai, sannan a auna. Wayar da ke aljihun kowane saurayi tana iya ɗaukar manhajar da ke nuna ɗigon kowane amo. Idan muka san inda gurmin wane ke tsayawa, za mu iya saita fiyano da kwamfuta su bi shi. Akwai abin koyi a rayuwar Malam Maman Barka na Nijar, gwanin gurmi, wanda ya bar Yamai ya tafi bakin Tafkin Chadi ya zauna gaban dattijo na ƙarshe da ya iya biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar, ya koya kafin tsohon ya rasu. Shi ma ya rasu a 2018, amma ya bar biram a naɗe, duniya ta ji shi. Kusa da mu kuma, a Legon, akwai taskar sautuka mai ɗauke da sunan marigayi Farfesa Kwabena Nketia a Cibiyar Nazarin Afirka, inda aka adana kiɗan al'ummomin Gana tun shekarun 1950. Mota ɗaya ce daga nan. Ɗalibanmu da ke jami'ar su shiga su saurara, su kuma kai namu a ajiye.

Na uku, masu jita su yi ƙarfin hali. Tsohuwar jita ba ta da tsada, kuma unguwar da ke cike da kafintoci da makanikai ba za ta rasa mai zare ƙarafan wuya ya cike gurbinsu ya goge ba. Wanda ya yi haka ya zauna kusa da mai goge wata shida yana bin sa taki taki, zai fito da abin da babu mai shi a Melbourne ko Amsterdam. Kada dai a je a kwaso rubu'in takin Turkawa a liƙa wa waƙar Hausa, domin wannan sauya ubangida ne kawai. Abin ɗauka a wurinsu shi ne hali: baƙon abin kiɗa ya zo gidanka, ka karɓe shi hannu biyu, ka koya masa yaren gidan.

Na huɗu ya rataya a wuyan masu kuɗi da masu sarauta. Sarakunan zango da masu shirya hawan Salla da iyayen biki su ne kasuwar makaɗi. Idan kowane biki babbar lasifika kawai za a ɗauko, ɗan mai kalangu zai koma tuƙin okada, kuma babu mai ganin laifinsa. A ware wa makaɗan gargajiya wuri a taro, a biya su kamar yadda ake biyan mai lasifika, gidajen rediyon da ke shirye-shiryen Hausa su ba su fili ko na rabin sa'a a mako.

Mu Hausawan Gana 'yan tsiraru ne. Kakanninmu sun biyo hanyar goro zuwa Gwanja da Salaga, wasu suka gangaro har bakin teku, suka riƙe harshensu da addininsu da suturarsu a tsakiyar al'ummomin da suka fi su yawa, har harshen ya zama na kowa a zango. Muna yawan kokawa cewa Hausar 'ya'yanmu tana cakuɗewa da Turanci da Tuwi, muna neman a buɗe azuzuwan koyar da ita. Karin harshe da karin waƙa kuwa tushensu ɗaya, wanda ya saki ɗaya zai ga ɗayan yana sulalewa. Kalmar da ta ɓace ana iya nemo ta a ƙamus. Inda yatsan mai goge ke tsayawa babu littafin da ya rubuta, yana hannun wasu dattawa ƙalilan da ke zaune a lungunanmu, kuma shekaru ba sa jiran kowa.

Allah Ya ja kwanan dattawanmu, Ya ba samarinmu kunnen ji da zuciyar koyo.